Kabarin Bilya a Bakin Teku

Duk wanda ya ci kasuwar Yankara a shekarun nan da kuɗin mai suka fara ambaliya, lokacin da ko mai tallar goro sai ka gan shi da rediyo rataye a kafaɗa, ya san Mani Sojan Ruwa. Mutumin Pauwa ne, gajere mai faɗin ƙirji, sana'arsa ɗaure kaya a kan manyan motoci. In Mani ya ɗaure maka buhunan dawa, to ko motar ta wuntsila cikin rami buhu ɗaya ba zai zame ba. Direbobi har cacar baki suke yi a kansa ranar kasuwa.

A jirgin ruwa ya koyi wannan ɗauri, zamanin yaƙin basasa. Jirgin nasu kuwa ba irin wanda kuke gani a hoton kalanda ba ne. Cikinsa wata doguwar rumfa ce ta ƙarfe inda ake jera motocin soja, aikin Mani shi ne ya ɗaure su da sarƙa kada igiyar ruwa ta riƙa gwara su. Sauran jirage gudun tudu suke yi, shi wannan da gangan yake tunkarar gaɓa ya hau rairayi da ƙirji, gabansa ya dare biyu, wata ƙatuwar ƙofa ta kwanto ƙasa, motoci da sojoji su bi ta kanta su fita.

"Wai jirgi ya buɗe baki ya amayo mota!" in ji Gide mai shayi, duk ranar da aka tayar da zancen. "Haba Mani, ka ji tsoron Allah. Mu fa ba yara ba ne."

Sai Mani ya yi dariya, ya rantse, ya tsuguna ya zana masu jirgin a ƙasa da tsinke. Ya ba su labarin kwana ukun da ya yi yana amai har ya yi wasiyya, da ruwan da sabulu ba ya kumfa a cikinsa, da yadda ya addabi mai kula da allurar nuna hanya, sau biyar a yini yana tambayarsa ina gabas ta koma. Mutum ne mai daɗin hira, wallahi. Sai dai wani lokaci ana tsakiyar dariya ya ɗaga kai ya dubi rana, ya yi tsit, fuskarsa ta canza. 'Yan kasuwa suka yanke cewa aljanin ruwa ne ya shafe shi, suka bar shi a haka.

Ba aljani ba ne. Bilya ne.

Bilya ɗan Damari ne, dogo, mai wushirya, shi kaɗai ne ɗa namiji a wurin mahaifinsa Malam Almu. A layin karɓar kaki suka haɗu a Ikko. Mani ya ji wani a bayansa ya ce "tau", ya waiwaya ya ce, "Kai, Bakatsine, mi ya kawo ka bakin teku?" Tun daga ranar kwanonsu ɗaya. Horon da aka yi masu bai cika wata ba aka zuba su a jirgi, don yaƙi ba ya jira, kuma a saukar farko da suka yi a wani bakin gaɓa can kudu harsashi ya sami Bilya.

Da aka gama yaƙi Mani ya ɗauki akwatin Bilya ya kai Damari da kansa. Malam Almu bai tambayi yadda aka yi ba, bai tambayi wa ya harba ba. Tambaya ɗaya ya yi.

"An rufe shi a ƙasa?"

"A ƙasa, Baba. Da hannuna na haƙa."

Tsoho ya kama hannun nan biyu ya riƙe, ya daɗe yana sa masa albarka. Mani bai yi ƙarya ba, amma ya haɗiye ƙarshen maganar: kabarin ko yini bai yi ba teku ta hau kansa, babu abin da ya saura da za a nuna wa mutum a ce ga shi. Kuma kuskurensa ne, shi Mani, ba na kowa ba.

Tun daga shekarar, duk kaka sai buhun dawa ya iso Pauwa daga Damari, da saƙon cewa na wanda ya rufe mani ɗa ne. Mani bai taɓa yarda ƙwaya ɗaya ta shiga tukunyar gidansa ba. Matarsa Larai ta yi mita har ta gaji, ga dawa fara tas, ga yara, amma sai ya sa a auna wa makwabta da tsofaffin unguwa. In ta matsa ya ce ba ta karɓe shi ba ne, cikinsa take murɗawa.

Shekara takwas ana haka. Rannan bayan an gama girbi, ranar kasuwa, Mani yana bisa wata mota mai zuwa Funtuwa yana jan igiya, sai ya ji an ce, "Ga shi can sama, Baba." Ya leƙo. Malam Almu ne tsaye, ya tsufa ƙwarai, da babbar riga wankakkiya, da buzu naɗe a hammata, da wata gora da aka toshe bakinta da tsumma aka ɗaure da zare. Mani ya sauko daga bisa motar.

Ya durƙusa suka gaisa, ya tambayi gida da mutanen Damari.

"Uwar Bilya ta riga mu," in ji tsoho. "Hajaratu. Kwana arba'in jiya."

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙanta, Baba. Wallahi ban ji ba."

"Amin. Ba gaisuwa na zo karɓa ba." Ya ɗaga gorar. "Ka ga wannan? Ita ta ja shi da hannunta daga rijiyar gida, tana ciwon ajali, an hana ta ta ƙiya. Ta ce shekara goma kabarin yaronta ba wanda ya yayyafa ma ruwa, ba wanda ya tsaya kanshi ya yi addu'a. Ta ce in kai. Na saida sa guda, guzuri ya samu. An ce mani yanzu hanya ta yi kyau, daga Funtuwa jirgin ƙasa har Fatakwal. Kai ka san wurin, kai za ka kai ni."

Kai jama'a! Mani ya ji kamar a ce ƙasa ta tsage ya shige. Ya fara kame-kame. Wurin da nisa, Baba. Sai an shiga kwalekwale. Ga sauro, ga abincinsu ba irin namu ba, ga shekaru. Tsoho ya bar shi ya gama tas, sannan ya ce shi da ya taka daga Damari zuwa Zariya da ƙafa yana saurayi ba sauro ne zai tsare shi ba. Ya sami gindin wata bishiya ya shimfiɗa buzu, ya ce zai jira a gama lodi, a wannan motar za su tafi.

Mani ya koma bisa mota. Ya yi ƙulli ya ja, ƙullin ya warware. Ya sake, ya sake warwarewa. Direba ya leƙo ya ce, "Lafiya, Sojan Ruwa? Yau kuma hannun aro ka zo da shi?" Mani ya sake kama igiyar. Zuciyarsa sai saƙa take yi tana kwancewa. Ai zai iya kai shi. Ya sami kowane tudu a bakin gaɓar ya ce ga shi nan, tsoho ya zuba ruwansa, ya yi addu'arsa, ya dawo da sanyin zuciya, wa zai tona? Sai ya hango gorar a gefen buzu, ya tuna matar da ta ja guga tana ciwon ajali, ya ga ruwan nan yana tsiyaya a kan turɓayar da ba kowa a ƙarƙashinta. A'a. Wannan kam ba zai iya ba.

Ya sauko ya ce wa direba ya ba shi ɗan lokaci. Ya je ya durƙusa gaban tsoho.

"Baba, taso mu ɗan taka. Akwai abin da zan nuna maka."

A bayan gari akwai wani rafi da ruwansa ya riga ya ja baya, sai farin rairayi shimfiɗe, da 'yan ramuka inda mata ke tonon ruwa. Nan Mani ya kai shi, suka zauna a gaɓa.

"Baba, wannan rairayin, yaushe ruwa zai dawo kansa?"

"Wace irin tambaya ce wannan? Sai damina mana."

"Haka na sani ni ma," in ji Mani. "Haka duk wanda aka haifa a ƙasarmu ya sani." Ya ɗauko labarin daga farko.

Da asuba jirginsu ya hau gaɓa. Bilya yana cikin masu sauke ƙofa, ƙofar na taɓa ƙasa aka buɗe wuta daga cikin itatuwan da ke can tudu, ya faɗi nan take, ko shurawa bai yi ba. Aka ja shi gefe aka rufa masa bargo. Shi Mani yana can ƙasa cikin rumfar ƙarfe yana kwance sarƙoƙi, mota na fita yana sakin ta bayanta, bai ga hasken rana ba sai wajen azahar. Da ya fito aka nuna masa bargon. Aka kuma gaya masa abin da za a yi: in jirgi ya koma tsakiyar teku za a ɗinke gawar cikin tamfol, a sa ƙarfe, a sake ta a ruwa, haka dokar jirgi take.

Mani ya ce sam. Ɗan Musulmi, mai uwa da uba, a jefa shi ruwa ga ƙasa ana gani? Ya je gaban hafsan jirgi ya zube, da ɗan guntun Turancin da bai fi cikin cokali ba, da kuka, da nuni, har mutumin ya gane, ya duba agogo ya ɗaga masa yatsa ɗaya. Awa guda.

Ya leƙa waje ya ga jirgi zaune daram a kan busasshiyar ƙasa, ruwa yana can baya da nisa, sai ƙyalli. Shi a zatonsa ƙarfin inji ne ya turo su har nan. Rairayi ne mai laushi, a shimfiɗe, ba ko ciyawa, irin wannan da suke kallo yanzu. Ya ce alhamdu lillahi, ga wuri mai tsabta.

Ya ɗebo ruwan sha daga tankin jirgi ya yi wa Bilya wanka. Ya yage zanen gadonsa ya yi likkafani. Ya ari shebur ya haƙa babban rami, ya haƙa ƙaramin na ciki daidai jikinsa, ya hau sama da gudu ya tambayi mai allura gabas, ya dawo ya gyara kan ramin. Sojojin ƙasa huɗu Musulmi suka bar abin da suke yi suka tsaya bayansa aka yi salla. Ya kwantar da shi a kan damansa, ya jera katakon akwatin harsashi a maimakon itace, ya toshe kafofin, ya mayar da ƙasa, ya kafa wani dogon katako wajen kai.

Duk wannan aiki da yake yi, akwai wani tsohon sojan ruwa da suke kira Cif, mutumin can bakin teku, yana bisa jirgi yana ta daka masa tsawa, yana nuna itatuwan tudu da hannu. Cif ba ya jin Hausa, Mani ba ya jin yarensa. Ya ɗauka cewa yake yi maza ka gama, masu harbi suna nan cikin itatuwa. Sai ya riƙa ɗaga masa hannu yana cewa an kusa, an kusa. Ashe bawan Allah cewa yake yi kai shi tudu.

"Da la'asar, Baba, aka tura ni bayan jirgi wurin wayar ƙarfen da za ta jawo jirgin baya cikin ruwa. Ina tsaye sai na ga ruwa yana tahowa. Ba hadari, ba iska, ko ɗigo bai sauko daga sama ba. Tahowa kawai yake yi a hankali, ya lashi rairayi ya koma, ya dawo ya wuce inda ya tsaya ɗazu."

Mani ya ga ruwan ya taɓa gefen kabarin. Ya yi kururuwa ya taka ƙarfen gefe zai dira, Cif ya rungume shi ta baya, suka faɗi tare. Wani soja mai jin harsunan biyu ya fassara masa abin da Cif ke faɗa: haka teku take, sau biyu kowace rana tana janyewa ta dawo, tun ranar da aka halicce ta. Mani yana kallo tudun ya baje, katakon ya tsaya shi kaɗai cikin ruwa, ruwa ya kai rabinsa, ya kai wuyansa, ya shafe shi. Ruwan nan dai shi ne ya ɗaga jirginsu, aka ja waya suka bar wurin.

"Na hana a jefa shi a ruwa, Baba, na ɗauke shi da hannuna na kai wa ruwa. Shekara biyu na ƙara a jirgin, na koyi zuwan ruwa da komawarsa har na fi Cif sani. Yau ko a Pauwa nake, in na dubi kwanan wata na dubi rana, na san ko yana kansa ko ya sauka. Yanzu haka da muke zaune yana kansa." Ya sunkuyar da kai, hawaye na zuba a kan gwiwarsa. "Ba kabarin da zan nuna maka. Na ji kunyarka ne na kasa faɗa. Ka yafe mani, ko kada ka yafe, duk wanda ka yi daidai ne."

Malam Almu ya kau da kai. Ya daɗe yana kallon rairayin, gemunsa yana motsi. Can wata mata ta zo ta tsuguna a ɗaya daga ramukan, ta cika tulunta da ƙoƙo, ta ɗauka ta tafi.

"Shekara takwas," tsoho ya ce daga baya, muryarsa a daƙile. "Ka bar tsohuwa ta mutu tana zaton akwai tudun da za a dafa. Ka zauna gabana na riƙe hannunka. Wannan ka cuce ni, Mani, ba zan ɓoye maka ba."

"Na cuce ka, Baba."

"Dawar da nike aiko maka fa? Ta wuce maka a maƙogwaro?"

"Ban taɓa ci ba. Sadaka nake bayarwa da sunan Bilya, duk shekara."

Tsoho ya juyo ya dube shi sosai, karo na farko tun da aka fara maganar. Ya sa gefen rawani ya share ido.

"Ka ce ka yi mashi wanka?"

"Na yi."

"Da ruwan gishirin?"

"A'a, da ruwan sha."

"Ya dubi gabas?"

"Sai da na tambaya sau biyu."

"Mutum nawa suka sallace shi?"

"Mu biyar ne har da ni."

"Tau." Ya gyaɗa kai a hankali. "Ni da na haife shi, in ni ne a wurin, nan zan haƙa inda ka haƙa. Wa ya taɓa gaya muna ruwa na tahiya shi dawo ba damina ba?"

Mani ya fashe da kuka irin na yara, ƙato da shi, har kafaɗunsa na girgiza. Tsoho ya bar shi ya yi mai isarsa, bai rarrashe shi ba, bai kuma hana shi ba. Da ya lafa sai ya ce, "Ka ce ruwan shina komawa?"

"Yana komawa, Baba."

"In ya koma, ƙasar na bayyana?"

"Tana bayyana. Amma ba alama, ko tudun babu. Shafe take kamar ba a taɓa haƙa ta ba."

"Kai ba ka gane wurin?"

Mani ya ɗaga kai. Wurin da yake gani duk ranar Allah? "Akwai wata bishiyar kwakwa da ta karkace, ita kaɗai, daidai saitin kansa. Daga gindinta taki ɗari da ashirin ne zuwa wajen ruwa. In tana nan, zan gane."

Malam Almu ya jawo gorar ya ɗora a cinya, ya shafa ta.

"Ashe ruwa kam bai rasa ba, uwarshi ta yi ta kuka a banza. Amma wancan na gishiri ne. Wannan na rijiyar gidansu ne, da shi aka yi mashi wankan haihuwa. Sai na kai."

"Baba, ko mun je ba lallai mu tarar da ƙasa ba. In muka iske ruwa a kai, sai mun zauna mun jira ya janye. Awa shida ake yi."

"Awa shida?" Tsoho ya dube shi kamar ya faɗi abin dariya. "Mu da muke zama wata bakwai muna kallon sama muna jiran ruwa shi zo, shi ne za mu kasa zaman awa shida shi tahi?"

Ya miƙa masa hannu. Mani ya tashi ya kama shi ya ɗaga, ya naɗe buzun ya saƙale a hammatarsa. Suna hawowa daga rafin yana lissafi da yatsu. Yau tara ga wata. In jirgin ƙasa bai yi masu wasa ba, ran sha huɗu suna can, kuma ran sha huɗu ruwa ya fi ja da baya, tun da hantsi ƙasar za ta buɗe.

A bakin kasuwa ya tsaya wurin Gide mai shayi, ya ce in an sami mai zuwa Pauwa a gaya wa Larai ya yi tafiya, sai bayan sati biyu.

"Ina zuwa haka ba shiri, Sojan Ruwa? Ko jirgin naka mai baki ne ya aiko a kira ka?"

"Ziyara za mu," in ji Mani.

Ya hau motar ya ja igiya, ƙulli ya kama. Ya gyara wa tsoho wuri a gaba kusa da direba, ya miƙa hannu zai karɓi gorar ya ɗaure ta a inda ba za ta girgiza ba. Malam Almu ya ƙara rungume ta a ƙirji.

"Bar ta nan," ya ce. "Kai dai riƙe mana lissafin ruwan."